Yadda Ake Riƙon Ƙashin Dabbar Zamanin Da Kafin A Raɗa Mata Suna

Ƙashin da ya zama dutse, muddin ba a raɗa wa dabbarsa suna ba, ba shi da wata shaida sai lambarsa da takardarsa. Shi ya sa nake matsa wa sababbin ma'aikata a kan waɗannan biyun.

Tun a filin haƙa ake farawa. Kafin ka taɓa ƙashi, ɗauki hotonsa a kwance da ma'auni a gefe, ka rubuta wurin da GPS da irin dutsen da yake ciki. Sai ka rufe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, ka naɗe da tsumman algarara da aka tsoma a filasta, wato farin garin da ake kwaɓawa ya daskare. Rubuta lambar a jikin filastar kanta, domin alamar da aka ɗaura da zare takan tsinke a mota.

Takardar izinin haƙa da ta fitarwa kuwa, adana su tare da lambar. An raɗa wa wani dinaso, wato dabbar zamanin da, suna Ubirajara a 2020, aka janye maƙalar saboda rigimar yadda aka fitar da shi daga Birazil, har Jamus ta mayar da shi a 2023.

Idan za ka yi rubutu a kansa, kira shi da lambar gidan tarihi. Laƙabi ba laifi, amma sa shi cikin alamar zance, kuma kada ya yi kama da sunan Latin. "Predator X", wata ƙatuwar dabbar teku da aka haƙo a tsibiran Svalbard na Norway, da laƙabi ya zauna har 2012, lokacin da ya zama Pliosaurus funkei. Sunan Latin da aka saki ba tare da bayani ba, nomen nudum ake ce masa, kuma dokar ICZN, wato dokar duniya ta raɗa wa dabbobi suna, ba ta san da zamansa ba. Raina yana ɓaci in ga irinsa a jarida, don sai ya bi ƙashin shekara da shekaru yana rikita ɗalibai.

Raɗin na gaskiya yana bukatar ƙashin da za a tsayar a matsayin abin kwatance, da bayanin abin da ya bambanta dabbar da danginta, a wallafe. In a intanet kawai za a buga, sai an yi rajista a ZooBank, kundin sunayen dabbobi na ICZN.

Kuma ka yi haƙuri. Dinaso mai dogon wuya da aka haƙo a Tendaguru ta Tanzaniya a 1930, wanda ake kira "Archbishop", ya shafe gomman shekaru a Landan da lamba da laƙabi kawai.