Kurakuran zaɓen ɗinki da nake gani kullum a shagona

Shagona yana Tudun Wada, nan Gusau, kuma yanzu kafin a miƙo mini atamfa, waya ake fara miƙo mini. Mace za ta zauna a benci, ta ajiye ledarta, ta buɗe hoton da ta gani a Instagram ta ce, "Anti, irin wagga nika so, kar ki canza komi." Sai in dubi hoton, in dube ta. Ta cikin hoton doguwa ce, ta ɗora takalmi mai tsini, ta karkace yadda ƙugunta zai fito, wataƙila ma an kama rigar da fil ta baya. Mai kayan kuwa gajeriya ce, ga goyo ko wata shida bai cika ba. In na bi ta yadda ta ce, ranar biki za ta ji kamar aro ta yi, kuɗin leshi kuma sun tafi.

Abin da nake tambayarta shi ne me ya ja idonta a hoton. Sau da yawa abu ɗaya ne tak: yankan wuya, ko hannu, ko kalar. To wannan shi za mu ɗauka, sauran rigar mu gina ta a kan jikinta.

Daga nan sai maganar awo, inda aka fi yin sakaci. Wata za ta aiko yaro da tsohuwar riga ta ce a bi ta, alhali rigar tun kafin aure aka ɗinka ta. Wata kuma ta zo da kanta, amma ina zagaya mata tef ta shanye ciki ta riƙe numfashi. Hajiya, ba za ki wuni gidan biki kina riƙe da numfashi ba! Ki tsaya yadda kike tsayawa a gida, da irin rigar ciki da za ki sa ranar. Wurare huɗu ne ke gaya miki fasalinki: kafaɗa, ƙirji, ƙugu da kwankwaso. Ki rubuta su a takarda ki ga wanne ya fi faɗi. Ki sake awo bayan haihuwa, bayan jinya, har bayan azumi. Ki kuma ce wa telarki ta bar miki kamar inci ɗaya a cikin ɗinkin gefe, don ragewa ba ta da wuya, amma abin da almakashi ya cinye ba ya dawowa.

In kin san inda faɗinki yake, ki daina tara ado a wurin. Wannan kuskuren ya fi kowanne cin kuɗi. Mai faɗin kwankwaso ta sa a yi mata tattara da duwatsu a daidai kwankwason, rigar sama kuma ta tsaya cak inda ya fi faɗi, sai ta ƙara faɗi a ido. Ita ado a sama yake yi mata kyau, a wuya da hannu, siket kuma ya sauko yana buɗewa a hankali. Rigar sama ko dai ta tsaya kafin wurin faɗin, ko ta wuce shi sosai. Mai faɗin kafaɗa da cikar ƙirji akasin haka take so: ta guji hannu mai kumburi da wuya mai tudun aiki, ta nemi wuyan da ya ɗan yi tsini ƙasa daidai sutura, buɗewar ta koma wajen siket. Mai tumbi kuwa, ina roƙonki ki bar rigar nan mai baza a ƙugu. Ana cewa tana ɓoye ciki, amma in bazar ta faɗo a kan tudun cikin, ɗaga ta yake yi kamar laima. A yanka miki daga ƙasan ƙirji, yadin ya sauka da kansa.

Akwai masu jiki da suka yanke shawarar cewa girman riga ne sutura. Na fahimce su, don an sha gaya musu magana. Sai dai bubun da kafaɗarsa ta zazzago har dantse, an kuma yi shi da shadda mai tauri, tsayawa yake yi nesa da jiki ya ninka mutum biyu. Bubu mai kyau kafaɗa da wuya suke zama daram, sauran ya zuba, kuma yadi mai laushi ne ke zuba. Siririya doguwa ce shadda mai sitaci da tattara suke cika wa ido, ita ce kuma riga da zani suke yi wa kyau fiye da yadda 'yan matan yanzu suke tsammani.

A kasuwa ma ake fara ɓata ɗinki. Turmin atamfa yadi shida ne. In zanen manyan furanni ne, haɗa su a gaba da baya yana cin yadi, sai a rasa na ɗankwali ko a yi miki haɗin da fure ya rabe biyu a tsakiyar ƙirji. Gajeriya kuma fure ɗaya ya rufe mata rabin jiki. Ki sa mai shago ya ware miki atamfar, ki kara ta a jikinki, ki duba ko zanen tsaye yake tafiya ko kwance, don na tsaye yana ƙara tsawo, na kwance yana ƙara faɗi. Maganar da ake yi wai baƙar mace ta guji kala mai haske ban yarda da ita ba. Na ga ruwan ɗorawa da ruwan hoda sun haska baƙar fata yadda ba su yi wa fara ba. Ki fito da yadin bakin ƙofa, ki kara a fuska cikin hasken rana, fitilar shago tana ruɗi.

Ga zafi. Daga Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40, amma sai ki ga an ɗora leshi mai nauyi a kan shafi na roba an tafi ɗaurin aure da tsakar rana. Garinmu da aka sani da auduga, har masaƙa gare mu kafin ta tsaya, bai kamata mu manta daɗinta a jiki ba. Ki nemi shafin auduga, a kuma jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, don auduga tana tsukewa a wankin farko.

Mayafi shi ma cikin ɗinki yake. A waje shi aka fi gani, to me zai sa a kashe kuɗin aiki a bayan riga, hannu da gindin siket da ke leƙowa a bar su ba kula?

Maza ma ba su tsira ba, ina gani a jikin 'yan'uwana. A sayi shaddar Getzner mai tsada, kafaɗar kaftani ta wuce ta mutum da inci biyu, wando yana sharar ƙasa. Gajere ya yi babbar riga da faɗin ta dogo, ya wuni yana naɗe hannu. Mai zagayayyar fuska hula mai ɗan tsawo ta fi yi masa, mai doguwar fuska ya rage tsawonta.

Duk wannan ba zai yiwu ba in kayan sallah sai goman ƙarshe na azumi suka iso shago, lokacin da tela ke kwana a kan keke. Ki kawo tun Sha'aban, ki dawo gwaji kafin a kashe ɗinki. A wajen gwajin kar ki tsaya gaban madubi kawai. Ki zauna a tabarma ki tanƙwashe ƙafa, ki ɗaga hannu sama kamar za ki ɗauko abu a saman durowa, ki sunkuya kamar mai ruku'u. Duk inda ya ja ki, ki nuna wa telarki da yatsa ta sa alli a wurin.