Bayan tiyatar rage ƙiba: kurakuran da ke cinye ƙashi da jini a ɓoye

Shekara biyu da rabi bayan an yi wa yayata tiyatar rage ƙiba a Masar, santsi ya kwashe ta a bakin famfon gidansu da ke Mabera, nan Sakkwato. Faɗuwa ce wadda ko yaro ba zai yi kuka a kanta ba, amma sai ga wuyan hannu ya karye. Da na je dubiya na ce, "Yaya, ina ƙwayoyin nan da aka haɗo ki da su daga can?" Ta yi dariya ta ce, "Ƙanena ke nan. Ai tun bara sun ka ƙare. Mi zan yi da su, ga ni lahiya lau, sukari ya sauka, gwiwa ta bar ciwo?"

Ta wani gefen gaskiyarta. Aikin ya yi mata rana. Sai dai amsar nan tata ita ce uwar duk kurakuran da zan kawo, kuma na ji irinta a bakin wasu 'yan Sakkwato da suka je Indiya ko Turkiyya aka yi musu.

Aikin iri biyu aka fi yi. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. A na biyu, wanda aka yi wa yayata, ana ware ɗan aljihu daga saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi da hanji can gaba, abinci ya riƙa yi wa sauran tumbin da farkon ƙaramin hanji ratse. To, wannan farkon hanjin da aka tsallake, nan ne jiki ya fi tsotsar kalsiyam mai gina ƙashi da ayon mai gina jini. Ruwan tsamin tumbi da ke narkar da su ya ragu. Wani sinadari da tumbi ke yi domin bitamin B12 ya samu shiga jini shi ma ya ragu. Kuma wannan sabon tsari ba ya komawa yadda yake ko bayan shekara 20.

"Ai na warke"

Mutum yakan sha ƙwayoyinsa na bitamin da kalsiyam da ayon tsakani da Allah wata shida ko shekara, ranar da kwalin da ya zo da shi ya ƙare kuma shi ke nan. Abin da ke yaudararsa shi ne ba ya jin komai. Hanta tana ajiye B12 da zai iya kai mutum shekara biyu zuwa biyar, don haka sai an manta da zancen aikin sannan tafin ƙafa ya fara dindiris, mantuwa ta yi yawa, tafiya ta koma tangaɗi. Idan aka bari ya daɗe, lahanin jijiyar ba ya gyaruwa duka. Shi kuwa ƙashi ko wannan gargaɗin ba ya yi. Ga wanda aka yi wa aikin ratse, ƙwarin ƙashin ƙugu yakan ragu da abin da ya kai kusan kashi 10 cikin 100 a shekara biyun farko, ba zazzaɓi ba ciwo.

Gyaran ba shi da daɗin ji: ƙwayoyin nan na har abada ne. Jagororin ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka sun sa kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana idan an haɗa da na abinci, bitamin D aƙalla ma'auni 3,000 a rana har sai na jini ya haura 30, B12 maikirogiram 350 zuwa 1,000 a ƙwaya kullum ko allurar 1,000 duk wata, sai ayon miligiram 45 zuwa 60 musamman ga mace mai al'ada. Wannan mafari ne, likita zai ƙara ko ya rage bisa gwaji. A riƙa sayen na gaba tun saura wata guda, a duba lambar NAFDAC, kuma kada a bar su cikin mota. Zafin Afrilu na garin nan da ke haura digiri 40 ba ya barin magani da ƙarfinsa.

Gwajin da ke cewa lafiya lau alhali ba lafiya ba

Wannan ne ya fi ba ni haushi, domin yana kama har masu kula da kansu. Mutum zai je ya ce a auna masa kalsiyam a jini, sakamako ya fito daidai, ya dawo gida da murna. Yayata ma ta yi, takardar tana nan cikin jakarta.

Jiki ba ya yarda kalsiyam na jini ya sauka, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. A bayan maƙogwaro akwai wasu 'yan halittu huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, aikinsu gadin wannan ma'auni. Da zarar na abinci ya gaza, sai su saki wani sinadari da ake kira PTH, shi kuma ya je ya kankaro kalsiyam daga ƙashi ya zuba cikin jini. Kamar gidan da aka daina noma ne amma kullum tukunya cike: baƙo zai rantse akwai wadata, rumbu ne kawai ya san halin da ake ciki. Gwajin kalsiyam leƙa tukunya ne.

Saboda haka abin da za a nema shi ne a auna PTH da bitamin D tare da kalsiyam ɗin. Idan PTH ya hau alhali kalsiyam yana daidai, to ana cin rumbu. A ɓangaren jini ma haka: kada a tsaya a "jinina nawa ne", a auna feritin, wato ajiyar ayon, wadda ke ƙarewa tun kafin jini ya nuna ƙasa, a haɗa da B12 da folik asid. Lokutan gwajin su ne wata uku, wata shida, shekara guda, daga nan duk shekara. Akwai kuma hoton auna ƙwarin ƙashi da ake kira deksa, wanda ake so a yi wajen shekara biyu bayan aiki. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya maye gurbinsa, don ba ya nuna zaizayewa sai ta yi nisa.

Ana sha, amma ba ya shiga

Kalsiyam ɗin da ya cika kemis-kemis ɗinmu, mai araha, kabonet ne, dangin alli. Yana buƙatar tsamin tumbi kafin ya narke, tsamin kuwa shi ne aka rasa, balle ga wanda aka ɗora a kan omefurazol, maganin nan mai rage tsamin tumbi. Wanda ya fi dacewa shi ne sitiret, da ke shiga ko da abinci ko babu. Idan kabonet ɗin kaɗai aka samu ko shi aljihu zai iya, to a sha shi a tsakiyar cin abinci. A kuma karanta kwali da kyau: ƙwayar kabonet da aka rubuta wa 1,250, ainihin kalsiyam ɗin cikinta 500 ne.

Sai masu haɗiye komai gaba ɗaya da safe don a huta. Hanji ba ya ɗaukar fiye da miligiram 500 zuwa 600 na kalsiyam a zama ɗaya, ragowar asara ce, don haka a raba shi sau biyu ko uku. Kalsiyam da ayon kuma kishiyoyi ne, ƙofa ɗaya suke rububi, sai a sa aƙalla awa biyu tsakaninsu. Shayi ma yana ɗaure ayon, haka goro. Wanda ya kora ƙwayar ayon da shayi mai kauri haɗin madara ya bi da ɓarin goro, kusan a ce kuɗinsa ya zubar. A sha ta da ruwa, ko da ɗan lemon zaƙi, tsaminsa yana taimaka mata.

Akwai masu cewa, "Mu da ke Sakkwato, wace rana ce ba ta ishe mu ba?" Ranar tana nan, amma wa ke tsayawa cikinta? Daga ɗaki sai mota sai inuwar shago, mata kuma ga zaman gida ga sutura. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa bitamin D, hasken da ya ratso gilashi kuma ba ya haɗa komai. Shan hantsi a tsakar gida yana da kyau, sai dai ba ya ɗauke wa wanda aka yi wa aiki ƙwayarsa.

Amai

Wannan na gaggawa ne. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce sati biyu zuwa uku. Wanda ya yi kwanaki yana amai bayan aikin, sannan ya fara ruɗewa, ko ganin abu biyu-biyu, ko ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, ƙwaƙwalwarsa ce ke cikin haɗari. Kada a zauna ana cewa iska ce. A yi addu'ar a mota, a kan hanyar asibiti. Da isa a gaya wa likita an yi masa tiyatar rage ƙiba, domin a ba shi B1 ta jijiya kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari. Ƙarin ruwan sukari ba tare da B1 ba yana iya ƙarasa lalata abin. Shi ya sa kiran mai kemis ya zo gida ya sa ruwa, abin da muka mayar ba komai ba, ganganci ne a nan.

"Sanyi ne"

Duk ciwon baya ko ƙugu a wurinmu sanyin ƙashi ne, maganinsa kuma ibufurofen ko daikulofenak ko haɗin nan na ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda. Waɗannan suna haddasa gyambo a daidai inda aka ɗinke tumbi da hanji, gyambon ya riƙa tsiyayar da jini a ɓoye, ƙarancin jinin ya ƙaru. Farasitamol ne mai sauƙin haɗari, ciwon da ya ƙi tafiya kuma gwajin bitamin D yake nema. Haka kwalaben ƙarin jini: yawancinsu sukari ne da folik asid da ɗan ayon, folik asid ɗin kuwa yana iya gyara lambar jini ya rufe ƙarancin B12 yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa. Wanda har yanzu yake shan metifomin na sukari ya ƙara sa ido, shi ma yana rage B12. Matar da ta ga ranta yana biya mata cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ta je a auna feritin.

Loma biyar ɗin da ta rage

Tumbin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan lomomi, idan aka fara cika shi da tuwo, an gama. Ana buƙatar furotin aƙalla giram 60 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, sai a yi lissafi. Nama mai laushi, kifi, ƙwai, wake, awara, su ne farko, tuwo ya zo daga baya in da wuri. Rashin furotin yana zubar da tsoka, tsoka kuwa ita ke riƙe da ƙashi.

Abincinmu bai rasa kalsiyam ba. Kofin kindirmo mai kyau yana ba da wajen miligiram 300, ban da wanda aka tsinka da ruwa. Ga miyar kuka, ga riɗi, ga zogale, ga ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu. Alayyafo ne ban cika yabawa ba a nan: yana ɗauke da wani gishiri da ke ɗaure kalsiyam ɗinsa, wanda kuma ke taimaka wa tsakuwar ƙoda, abin da masu aikin ratse suka fi saurin kamuwa da shi. Hura kuwa, na san ba a raba Basakkwace da ita, amma a dama ta nono ya rinjayi gero, ba sukari. Zaƙi mai yawa yana zubowa hanji gaba ɗaya ya kawo jiri, gumi da bugun zuciya. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, leda uku ke nan na fiya wata, a bazara fiye da haka, ana kurɓa kaɗan-kaɗan, a bar rabin awa tsakaninsa da abinci.

Azumi a shekarar farko, yawancin likitocin fannin suna cewa a dakata, aya ta 185 cikin Baƙara kuma ta ba marar lafiya damar ramawa. Bayan nan a tsara da likita yadda za a raba ƙwayoyin tsakanin buɗa-baki, bayan tarawihi da sahur. Ciki kuma a jinkirta shi wata 12 zuwa 18, a sani cewa ƙwayar tazarar haihuwa ba ta cika kamawa ba bayan aikin ratse, goyo da shayarwa kuwa daga ƙashin uwa suke ɗiba. Zama wuri ɗaya ma kuskure ne. Ƙashin da ya saba ɗaukar kilo 130 aka sauke masa 40, yana rage kansa ne idan ba a ba shi aiki ba. Tafiyar rabin awa bayan asuba, hawa bene, tashi-zauna daga kujera, ɗaga galan ɗin ruwa, duk aiki ne.

Da hannun yayata ya karye, maƙwabta sun kawo shawara biyu: mai ɗori, da wata ƙwaya ta ƙarfafa ƙashi da ake sha sau ɗaya a sati, alendironet. Ɗori ko filasta duk haɗa karaya suke yi, ba sa faɗin dalilin da ya sa ƙashin mace 'yar shekara 44 ya karye a faɗuwar tsaye. Ita kuwa ƙwayar tana iya ƙona ɗan aljihun tumbin, shi ya sa ga irinsu likitoci suka fi son na allura ta jijiya, shi ma sai an fara cike giɓin bitamin D da kalsiyam, in ba haka ba kalsiyam na jini ya faɗi warwas.

Mun kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Hajiya, wane iri aka yi miki?" Ta ce ita dai an rage mata ciki. Sai da muka kwana biyu muna birkice akwatuna kafin takardar sallamar ta fito daga cikin aljihun wata tsohuwar jakar tafiya. Yanzu hoton takardar yana cikin wayarta da tawa. Sitiret ɗinta uku ne, bayan azahar, bayan magariba da lokacin kwanciya, ayon kuma da asuba, shayi sai hantsi ya ɗaga.