Ciyawar ado: daga dashe zuwa tulun furanni

Kafin ka haƙa rami, san girman da ciyawar za ta kai. Pampas, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, tana kai mita 2 zuwa 3, don haka a ba ta tazarar mita 2 daga 'yar uwarta. Ƙanana irin Festuca mai shuɗin ganye, santimita 30 ta ishe su. Pennisetum setaceum, dangin gero ce, tana tsakatsaki. Kyakkyawa ce amma ba ta zama inda aka ajiye ta, yaɗuwa take tana mamaye wuri, har Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2017. A duba dokar ƙasa tukuna.

Yawancinsu suna son rana ta awa 6 da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. A dasa gindin daidai da fuskar ƙasa; in aka binne shi da zurfi, ruɓewa zai yi. Taki kuwa kaɗan. Idan ya yi yawa sai karan ya zuƙe ba ƙwari, iska na kaɗawa ya kwanta.

Sau ɗaya a shekara, kafin sabon toho, a daure busasshen ganyen da igiya a sare shi, a bar santimita 10 zuwa 15. Sa safar hannu, domin gefen ganyen pampas yana yanka kamar reza. In tsakiyar tushe ta mutu bayan shekara 3 ko 4, a tono shi, a raba gida huɗu, a yar da mataccen.

Wurin yankan zangarniya don sawa a tulun furanni ake yawan asara. Yanke ta da hantsi bayan raɓa ta bushe, lokacin da ta fito daga kube amma ba ta gama buɗewa ba. Wadda ta nuna sosai, ƙwayarta ta riga ta saki, za ta yi ta zuba a ɗaki. Zage ganyen ƙasa, ɗaure kara goma-goma, rataye kai ƙasa a inuwa mai iska na mako 2 zuwa 3. Rana tana kashe launi, laima tana kawo fumfuna. Bayan ta bushe, a fesa mata man feshin gashi daga nesa don gashinta ya zauna.

Ɗanya kuma, a yanke karan a karkace, kada ganye ya taɓa ruwan tulun, a sauya ruwan duk bayan kwana biyu.