Darasi na 9: In mai kaya ya zaɓi abin da bai kwanta maka ba

Duk wanda ya koyi sana'a a gaban maigida, an horar da hannunsa, an kuma horar da idonsa. Yaron da ya tashi a Kano ko Zariya yana kallon yadda ake zuba aska takwas a ƙirjin babbar riga ya san zaren da ke hawa farar shadda, ya san inda aiki ya kamata ya tsaya. Badukun da ya saba da jar fatar Sakkwato ya san mazaunin ja da baƙi da kore da rawaya a jikin tumtum. Sai neman abinci ya kawo shi Legas, ya kama rumfa a Agege ko Obalende ko Idi-Araba, ko yana kai kaya kasuwar kayan hannu ta Lekki. Masu kawo masa aiki yanzu Yarabawa ne da Ibo da Turawa, da 'ya'yan Hausawa haifaffun nan, kuma kowannensu da abin da idonsa ya saba gani.

Wani zai kawo shadda ruwan hoda ya ce a zuba mata zare ruwan gwal daga wuya har cibiya, a bi da duwatsu masu ƙyalli. Wata jakar fata take so, shuɗi da ruwan lemo, da sunanta da manyan baƙaƙe a gaba. Dangin amarya kuma su zo da odar hulunan anko, launin da ko kyauta aka ba ka ba za ka sa ba. Wannan darasi a kan irin wannan aiki ne, da yadda karatu da rubutu da lissafi za su taimake ka ka fita lafiya da mai kaya.

Me ya sa ban so ba?

Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka wannan. Amsar takan zama ɗaya daga cikin uku: ko abin bai yi wa idonka ba ne kawai, ko kuwa ka hango aikin zai lalace, ko kuma abu ne da addininka ko doka suka hana ka. Yawancin rigimar da ake yi a rumfa daga cakuɗa ukun nan take tasowa.

In ido ne kawai, to aikin na mai shi ne. Shi zai sa, shi zai shiga taro, shi ya san mutanen da za su gan shi. Agbadar da za a je bikin Yarabawa da ita a ranar Asabar ana so ta yi kumari, ta ɗauki ido daga nesa, domin kowa a wurin haka ya shiryo. Rigar da kai kake ganin ta yi kamala, a wannan taron sai a ga kamar mai ita bai girmama masu biki ba. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƙwarewarka tana cikin daidaiton ɗinki da tsabtar gefe da ƙarfin haɗi, kuma launi ba ya rage ko ɗaya daga cikinsu.

In kuwa aibi ka hango, yin shiru ha'inci ne. Nan ne iliminka ya fi na mai kaya, kuma saboda shi ya zo wurinka. Surfani mai nauyi a kan yadi marar kauri yakan ja yadin ya tattare, guga ba ta miƙar da shi. Farin zare a kan rinin da ke zuba zai dafe tun wankin farko. Duwatsun da aka liƙa da gam sukan zube, na ɗinki sun fi daɗewa. Sannan ga yanayin garin. Legas tana shan ruwa daga wajen Afrilu har Oktoba, ya fi ƙarfi a watan Yuni, iskar teku kuma ba ta rabuwa da laima. Fatar da za ta yi shekaru a Katsina ba abin da ya same ta, a nan sai ta yi fumfuna in an kulle ta a leda ko a durowa. Sarƙa da zif masu araha sukan yi tsatsa. Takalmin da aka haɗa tafinsa da gam kaɗai, ba ɗinki, ba ya jure ruwan titi. Duk wannan sai ka faɗa, a fili, kafin almakashi ya taɓa yadi ko wuƙa ta taɓa fata.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani. In an ce ka zana abin da imaninka bai yarda da shi ba, ko ka buga tambarin wani kamfani a jaka don a sayar a matsayin tasu, ka ce, "Ka yi haƙuri, ba na irin wannan aikin." Ka faɗa tun kafin kuɗi ya shiga hannunka, ba wa'azi, ba ɓata fuska.

Karanta wannan hira

Mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗaya baduku, ɗaya mai kaya.

Hajiya: Salamu alaikum. Malam, sannu da aiki.

Baduku: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa Hajiya, ya gida, ya yara? Bismilla, ga kujera.

Hajiya: Lafiya lau. Jaka nake so irin ta hoton nan, amma ruwan hoda da kore shar, a sa sarƙa ruwan gwal maimakon igiya.

Baduku: To, Hajiya. Ga guntun ruwan hodan, ga koren. Mu leƙa waje ki gan su tare a hasken rana. Ga kuma ruwan hoda da ruwan toka, ko za ki duba.

Hajiya: A'a, na farkon dai. Leshin bikin ne haka.

Baduku: Shi ke nan, shi za a yi. Sai dai abu ɗaya: irin wannan sarƙar tana tsatsa da damina. Akwai mai kyau, amma za ta ƙara naira dubu uku.

Hajiya: Sa mai kyan.

Baduku: Madalla. Bari in rubuta in karanta miki.

Bayan ta tafi, yaron shago ya ce, "Maigida, wallahi kalar nan ba ta hau ba. In rage koren kaɗan? Ba za ta gane ba." Maigida ya ce, "Kul! Ka ga leshin ne? Ita ta gani. Yanka yadda aka rubuta."

Ku lura da abin da badukun ya yi. Bai ce mata zaɓinta bai yi kyau ba. Ya nuna mata wani haɗin sau ɗaya, da ta ƙi bai sake tayar da maganar ba. A nan ne ma ya ji dalilinta, wanda da bai sani ba: jakar za ta bi leshi ne. Maganar sarƙa kuwa bai bar ta ba, domin wannan aibi ne, har da kuɗinsa ya faɗa.

Shawarar yaron ita ce babban tarkon masu sana'a, kuma ƙwararru sun fi faɗa masa, don sun yarda da idonsu. Mutum ya karɓi aiki ya ce to, sannan a ɓoye ya rage zare, ya sauya launi, ya gajarta hannu, yana ganin gyara ya yi wa mai kaya. Wannan saɓa alkawari ne ko da abin ya fi kyau. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan cinikin abin da za a ƙera wa mutum, sun kafa hujja da cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an ƙera masa zobe, an kuma yi masa mumbari. Sun sharɗanta a bayyana iri da adadi da siffa tun farko, kuma in kaya ya saɓa wa siffar da aka yi magana, mai oda yana da damar ya ƙi karɓa. Asarar yadi da zare da kwanakin aiki kuwa a kan wa za ta faɗa?

Akwai kuma ɗan'uwan wannan laifi, wanda ba a cika magana a kansa ba: ka yi aikin yadda aka ce, amma da rabin zuciya. Ka tura wa ƙaramin yaro, ka bar zare yana reto, ka ajiye shi sai daren biki. Mai kaya ya biya cikakken kuɗi, yana da haƙƙin cikakken hannu. Kuma a wurin bikin nan ba wanda zai tambayi wa ya zaɓi launi. Za su juya gefen riga su duba ɗinki, su ce wa ya yi. In ba ka so a san ka da irin wannan salon, kana da damar ka ƙi sa hotonsa a WhatsApp ɗinka ko ka ƙi rataye irinsa a bakin rumfa. Wannan naka ne. Ingancin aiki kuwa nasa ne.

Rubuta oda

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi in an yi shi zuwa wani lokaci ambatacce. Aikin oda ma akwai nauyi a wuyan kowa: kai kaya, shi cikon kuɗi. Ka samu littafi guda na oda kawai, kowane aiki da shafinsa. Ga yadda badukun ya rubuta:

Rana: Litinin, 3 ga wata
Aiki: jakar mata 1, irin ta hoto
Girma: faɗi inci 12, tsawo inci 9
Launi: ruwan hoda a jiki, kore shar a murfi
Sarƙa: ruwan gwal, mai kyau
Kuɗi: ₦28,000
Kafin alƙalami: ₦15,000
Saura: ₦13,000
Ranar karɓa: Alhamis, 20 ga wata

Launi ba ya rubutuwa sosai. Koren da kake nufi ba lalle ne shi take nufi ba, hoton waya kuma yakan sauya kala. Saboda haka ka yanki ɗan guntun fatar ko yadin, ka ɗinke shi a jikin shafin tare da silin zaren. In ka yi gargaɗi mai kaya ya ce a yi hakanan, ka ƙara layi ɗaya: "Na gaya masa rinin yana zuba, ya ce a yi." Ka karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Sannan ka ɗauki hoton shafin ka tura masa. In ba ya jin Hausa, ka bi hoton da saƙon murya cikin harshen da kuka yi cinikin, ya amsa da bakinsa. Ranar da aka kai magana gaban shugaban kasuwa, wannan shafin ne zai yi maka shaida.

Suna da rubutu su ne suka fi jawo asara. In za a ɗinka suna a hula ko a jaka, mai shi ya rubuta da hannunsa, kai kuma ka kwafa harafi bayan harafi. Sunayen Yarabawa da na Ibo suna da ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe, ka tambaya ko ana so a sa. Kayan da ke ɗauke da sunan wani ba ya sayuwa ga kowa, haka ma launin da mutum ɗaya ne kawai ke sonsa. Don haka kafin alƙalamin irin wannan aiki kada ya gaza kuɗin kayan aiki gaba ɗaya.

Odar anko kuma tana da nata sharaɗin. Wanda ke tsaye a gabanka sau da yawa ɗan aike ne, dangi ne suka zaɓi launi, jayayya da shi ɓata lokaci ce. Ka sayi zare da yadin duka a rana ɗaya, a shago ɗaya, ko a Balogun ne ko a Oshodi, domin in ka koma ciko ba lalle ka samu mai kala ɗaya sak ba. Fatar ma haka, in Mushin za ka je ka ɗebo ta gaba ɗaya. Ka fara ɗinka guda ɗaya, a kai wa masu biki su gani su amince, sannan ka ci gaba da sauran.

Aiki

1. An ba ka odar hula 40 ta anko, kowace ₦6,500. Nawa ne kuɗin duka? Kayan aikin kowace hula ₦2,500 ne. In an ba ka ₦90,000 kafin alƙalami, ya isa kayan aiki? In bai isa ba, nawa ya rage? Kuɗin nan na misali ne, ka sake lissafin da farashin kasuwarku.

2. Yadi ɗaya inci 36 ne. Inci nawa ne a yadi 5?

3. Wani ya ce a zuba surfani mai nauyi a kan yadi shara-shara. Rubuta jimla biyu da za ka faɗa masa.

4. Buɗe sabon shafi, ka rubuta odar ƙarshe da ka karɓa kamar yadda badukun ya rubuta tasa. Ka ɗinka guntun yadin ko fatar a gefe, ka zo da shi aji mako mai zuwa.