Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kurakuran Ƙananan Ƙungiyoyin Tseren Babur a Hamada

Dattawan Agadas har gobe suna tuna shekarun da ayarin tseren Paris-Dakar ke yada zango a garinsu, babura da motoci sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Fitowar farko ta tashi daga birnin Faris ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Arlit da Agadas da Yamai, ta isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Cikin ababen hawa 182 da suka tashi, 74 ne kawai suka kai. An soke tseren 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Wuri ya sauya har sau biyu, amma abin da ke kayar da ƙananan ƙungiyoyi yana nan yadda yake.

In na ce ƙaramar ƙungiya, ina nufin matuƙi ɗaya ko biyu, makaniki guda, motar kaya guda, sai wani ɗan'uwa da aka ɗora wa takardu da lissafin kuɗi. Irin waɗannan ba manyan kamfanonin babur kamar Honda ko KTM ne abokan karawarsu ba. Burinsu su kai ƙarshe da babur da ƙashinsu lafiya. Yawancin waɗanda suka kasa, tun watanni kafin a ɗaga tuta suka faɗi, a gareji ko a kan takardar kasafi.

Kuskuren farko shi ne lissafa shekara daga watan Janairu. Mutum ya ji ana tseren Dakar a Janairu, sai ya ɗauka yana da wata goma sha biyu cif. Ina! Baburan da ke tashi daga Turai ana loda su a jirgin ruwa tun ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a 'yan shekarun nan daga Marseille ko Basalona. Kafin nan, masu shirya tseren ba sa karɓar duk wanda ya zo da kuɗi. Sai matuƙi ya nuna ya taɓa kammala wani babban tseren hamada, shi ya sa mutane ke tururuwa zuwa gasar Maroko da ake yi a watan Oktoba. Ke nan babur ɗin da ba a gama haɗa shi aka gwada ba zuwa Satumba ya riga ya makara. Gyaran shi ne a ɗauki kalanda a fara daga ranar lodi a dawo baya: yaushe za a rufe akwati, yaushe kayan gyara za su iso, yaushe za a nemi biza da lasisin tsere da inshora, yaushe likita zai duba matuƙi. Ƙungiyar da ke da Musulmi ta ƙara da azumi. Ramadan na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, kuma zuwa 2030 zai faɗo a cikin Janairun kansa. Atisaye mai nauyi a gama shi kafin watan, ko a mayar da shi bayan an sha ruwa.

Sai kuɗi. Ƙungiyoyi da yawa na zuba duk abin da suka tara a kan babur, su ƙawata shi da bututun hayaƙi mai tsada da fenti mai ɗaukar ido, sannan su farga cewa kuɗin rajistar Dakar kaɗai ya haura Yuro 15,000, ba a zo maganar taya da mai da tikitin jirgi da rajistar makaniki da motarsa ba. Dokar tseren ta tsayar da injin babur a kan 450cc, kuma babur irin KTM 450 Rally Replica da ake sayar wa masu zaman kansu ya ishi kowa yadda ya fito daga kamfani. Abin da za a kashe wajen ƙara masa ƙarfi gara a sayi taya da shi a je a yi ta gwaji a yashi. A kuma ware wani kaso da ba mai taɓawa, domin faɗuwa ɗaya a tsakiyar shekara kan cinye tanki da hannun babur da na'urorin nuna hanya a lokaci guda.

Alkawarin mai ɗaukar nauyi kuwa ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu. Kada a yi odar kaya a kan "za mu duba". Wanda ya bayar kuma a riƙa aika masa hoto da labari duk wata, ko an yi nasara ko ba a yi ba. Masu ɓacewa sai baɗi su dawo da ƙoƙon bara su ne ke tarar da ƙofa a rufe.

Akwai kuma kwaɗayin shiga kowace gasa. Tsere uku da aka shirya wa sosai sun fi takwas da aka shiga da gajiyayyen inji. Wanda Dakar ta fi ƙarfin aljihunsa a bana, akwai Africa Eco Race da ake yi tun 2009, wadda ke bi ta Maroko da Muritaniya ta ƙare a Senegal, kan tsohuwar hanya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne aikin dare a zango. A Dakar akwai rukunin da aka fi sani da Malle Moto, inda matuƙi ba shi da makaniki ko ɗaya. Masu shirya tsere ne ke ɗaukar masa akwatin ƙarfe guda da tayoyi da tanti daga zango zuwa zango, sauran aiki nasa ne. Ka ɗauka mutum ya tashi tun ƙarfe huɗu na asuba, ya yi kilomita ɗari bakwai ko fiye, ya iso da magariba hannuwansa na rawa. Abin da zuciya ke ce masa shi ne ya ci abinci ya ɗan miƙe tukuna. Wanda ya bi wannan shawara sai ya farka ƙarfe biyu na dare yana lalube da fitilar goshi, ga sanyi, ga noti ya faɗa cikin yashi. Gogaggu babur suke fara yi wa hidima tun inji da ɗuminsa, domin a lokacin ne baƙin mai ke zubowa tas. Suna shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa, su jera sifanu, kowane noti da aka kwance ya shiga kwano ɗaya. Kuma kullum tsari guda suke bi, a rubuce a murfin akwati, saboda ƙwaƙwalwar da ta gaji ba abin dogaro ba ce.

Matatar iska ce kan gaba. Yashin hamada mai laushi kamar garin tuwo in ya sami 'yar kafa ya shiga inji, ringi da fistin sun tafi. Kuskuren da aka saba shi ne a wanke matata ɗaya a mayar da ita da danshi, ko a manta a shafa giris a bakinta inda take manne da akwatinta. A zo da guda da yawa, an riga an jiƙa su da mai an ɗaure kowace a leda tun daga gida, kullum a sa sabuwa. Kafin a cire tsohuwar a goge kewayen, in ba haka ba kai da hannunka za ka zuba wa injin ƙasa. Canjin inji kuma ba kyauta ba ne, na farko ma yana jawo tarar minti 15.

Sarƙa ma haka. Duk wanda ya taɓa zama a garejin 'yan acaɓa ya ga mai sa sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori, bayan mako biyu ya dawo yana zagin mai kanti. Tare ake canza su. A yashi kuma ba a lafta wa sarƙa mai mai danƙo, domin ƙasa na mannewa ta koma kamar dutsen wasa wuƙa. Kada a ɗaure ta tamau: babur ɗin hamada na nutsewa sosai in ya dira daga tudu, sarƙar da ba ta da sassauci sai ta tsinke ko ta ci bodin giya. Wayoyin ƙafa kuwa a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai lafiya na yin ƙara siririya, wadda ta saki sai ka ji ta dum.

Masu tseren hamada ba sa sa tib mai iska. Wani soso ne mai tauri ake cusawa cikin taya, wanda ƙaya ko dutse ba sa sace shi. Amma yana da nasa hali: in ba a shafe shi da mansa sosai ba, gudu a kan kwalta na sa ya yi zafi ya narke, kuma in ya daɗe a ajiye yana yin laushi. Sayen na araha da ya shekara a kanti asara ce. Sa shi kuma kokawa ce ta gaske. Wanda bai koya a gida sau goma ba, ranar da ya fara a zango zai ƙare da fasasshen yatsa da tanƙwararren ƙarfe.

Doka guda da ni nake ganin ba ta da togiya: kada a sa wa babur ko matuƙi wani abu sabo ranar tsere. Sabon takalmi, sabuwar hular kwano, sabon saitin shokazoba, har da sabon abin sha mai ƙara kuzari. Duk abin da ba a yi kwanaki ana gwadawa ba ya zauna a akwati.

Daga nan sai karatun hanya, wanda matuƙan da suka fito daga tseren fili ke rainawa. A hamada ba alamar kwana. Abin da ke gaban mutum doguwar takarda ce mai naɗi, ko allo a 'yan shekarun nan, mai layi uku: nisan da aka yi, zanen wurin, da bayani mai ɗauke da lambar alkibla da alamun haɗari, wato alamar motsin rai (!) ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon munin abin. A da ana ba da ita tun dare, kowa ya zauna da alƙaluma masu launi yana shafawa. Yanzu sai ana dab da tashi ake miƙa ta. Sabon shiga yakan ce ai sawun na gaba zan bi. To in na gaban ya ɓace fa? Sai ka ga babura goma suna kewaya tudu ɗaya, mai na ƙarewa, alhali tankin an auna shi ne a kan kusan kilomita 250 tsakanin wuraren shan mai. Akwai tashoshin da dole matuƙi ya bi ta kansu, kuma duk wadda na'ura ba ta nuna ka taka ba, tara ce. Shiga ƙauye da gudun da ya wuce ƙa'ida ma tara ce. Maganin shi ne a riƙa daidaita ma'aunin nisa a kowace alama, in zane da ƙasa suka saɓa a tsaya, a koma wuri na ƙarshe da aka tabbatar. Minti biyu na tsayuwa sun fi awa guda ta yawo. Thierry Sabine da ya kafa tseren Dakar ma ɓacewa ya yi a hamada a 1977, a gasar Abijan zuwa Nice, kafin tunanin ya zo masa. Ross Branch na Botswana, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya zo na biyu a 2024, kuma ina ganin sabonsa da karanta na'ura cikin natsuwa bai rasa hannu a ciki ba.

Jikin matuƙi shi ne abin da ake bari sai ƙarshe. Sa'a goma a tsaye kan matakan babur, kwana goma sha biyu ko fiye, ba ƙarfin damtse kaɗai take so ba, numfashi take so. Nan keke ke shigowa, shi ya sa kusan duk manyan matuƙa ke hawansa. Kuskuren shi ne a mayar da kowace fita gasa da abokai. Yawancin hawan ya kasance dogo kuma a hankali, yadda mutum zai iya hira yana tafe, mai tsanani kuma sau ɗaya ko biyu a mako. A zaɓi hanya da lokaci. Nicky Hayden, zakaran MotoGP (gasar duniya ta tseren babur a kan kwalta) na 2006, a kan keke yake atisaye kusa da Rimini a Italiya lokacin da mota ta buge shi a 2017, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Wata guda kafin babban tsere a bar gangaren duwatsu da keke, karayar ƙashin wuya ba ta warkewa don an biya rajista.

Za a ce ai Toby Price, matuƙin KTM ɗan Ostireliya, ya ci Dakar ta 2019 da karyayyen wuyan hannu, kuma a 2021 ya ɗaure yagaggiyar tayarsa da igiyoyin roba ya gama yini da ita. Gaskiya ne. Amma kama da wane ba ta wane. Shi yana da likitoci da kamfani a bayansa, kuma a 2021 ɗin ma faɗuwa ce ta fitar da shi washegari. Rigar da ke kumbura da iska in an faɗi ta zama dole tun 2021, bayan rasuwar matuƙin babur Paulo Gonçalves a tseren 2020. A saba da ita tun a atisaye, a kuma tanadi gwangwanin iskarta na canji.

Sanyi na ba mutanenmu mamaki. An ji Saudiyya sai a ɗauka zafi ne, alhali asubahin Janairu a wajajen Ha'il kan kusa daskarar da ruwa, kuma a 2023 ruwan sama ya sa aka katse tseren yini guda a wannan yanki. A tafi da safar hannu mai kauri da rigar ruwa. Ruwan jakar da ake goyawa a baya kuma a riƙa kurɓa tun ba a ji ƙishi ba.

Makaniki ma mutum ne. Shi ke aiki da dare, da rana kuma shi ake sa wa tuƙin motar kaya ɗaruruwan kilomita zuwa zango na gaba. A samo direba daban ko a raba tuƙin. A kuma yanke tun a gida wa ke da maganar ƙarshe in an ce a ci gaba ko a janye, don kada a tsaya musu tsakar dare a gaban babur da aka kwance.

In an dawo gida a Fabrairu, kafin a wanke babur a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare. A kwance shi gaba ɗaya, a rubuta sa'o'in da injin ya yi, taya nawa aka ci, wane noti ne ya riƙa saki, wane kaya aka ɗauko ba a taɓa ba, da nawa aka kashe har kuɗin shayi a tashar jirgi. Littafin a ajiye shi cikin akwatin kayan aiki, kusa da sifanu.