Mai ciwon huhu ma sai ya taka ƙasa: yadda za a fara a hankali

A gidajenmu nan Maradi da zarar an ce dattijo ko dattijuwa na da ciwon huhu mai daɗewa, ko mai tsohuwar asma, ko wanda ya gama shan maganin tarin fuka amma ƙirji bai sake ba, ko wanda taba ko hayaƙin itace ya ci ma huhu wato abin da likitoci ke ce ma BPCO, shikenan sai a shimfiɗa mashi tabarma a zaure a ce "Baba zauna abinka kar ka wahala", ruwan alwala ma har gabanshi ake kawowa. Tausayi ne na sani, amma wallahi zaman nan cutarwa yake yi. Kuma ciwon ba ƙarami ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya wato OMS ta ce BPCO ta kashe mutum wajen miliyan 3.5 a 2021.

Idan mutum ya daina motsi naman ƙafa yana saki, naman da ya saki kuma ya fi mai ƙarfi cin iska, sai ka ga wanda bara yake zuwa babbar kasuwa da ƙafa bana ƙofar gida ma sai da haki, hakin ya ba shi tsoro ya ƙara zama, zaman ya ƙara mashi haki. Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, amma ƙafa da zuciya suna karɓar horo ko mutum ya tsufa, kuma hakin tafiya shi kaɗai ba ya ɓata huhu.

Kafin komai a je CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, ko asibiti likita ya duba zuciya da hawan jini, a gaya mashi ana son fara tafiya. Mai zazzaɓi ko mai tarin jini ba yanzu ba.

Sai a koyi numfashi tun ana zaune. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga biyu, ka tsuke leɓe ka fitar a hankali kamar mai hura kunu mai zafi kana ƙirga huɗu, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, haka iskar da ta maƙale cikin huhu ke samun hanya. In haki ya taso a hanya kar a ruɗe, ka tsaya ka ɗan duƙa ka dafa gwiwa ko katanga, ka saki kafaɗa ka yi irin numfashin nan har ya lafa, sannan ka ci gaba.

Ita tafiyar, a asibiti akwai awon da ake yi a ga nisan da mutum zai kai cikin minti 6. A unguwa ma za ka iya, ka sa yaro ya riƙe waya yana duba lokaci kai kuma ka ƙirga turakun wutar lantarki na NIGELEC nawa ka wuce, in uku ne to uku ne, daga nan za ka fara. Minti 5 sau biyu ko uku a yini ya isa a satin farko, duk sati a ƙara minti ɗaya ko biyu har a kai 20 ko 30 yawancin kwanakin sati, ba dole a haɗe ba. Ma'aunin saurin kuwa shi ne in maƙwabci ya ce "ina kwana Alhaji" ka iya amsa mashi amma doguwar hira ta gagare ka. In ko amsa gaisuwar ba ka iyawa ka yi sauri da yawa. Masallacin unguwa ni a ganina ya fi kowane wurin motsa jiki, sau biyar ne kuma ba ka mantawa, a bar hawa moto zuwa can, a fita da wuri dai don kar a yi gaggawar samun raka'a. A nemi inda ƙasa ta danƙare, don rairayin lungunanmu yana ninka wahala, kuma a kauce ma bakin titi inda ƴan kabu-kabu ke zuba hayaƙi.

Lokaci ma a lura. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, sai bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu kuwa sanyin safiya da ƙura ke tada asma, a jira hantsi, a rufe hanci da rawani ko takunkumi, ran da hazo ya yi yawa a yi ta cikin ɗaki.

Iyayenmu mata da ba sa fita sosai, Inna ki zagaya tsakar gida sau goma kina hutawa, ki zauna kan kujera mai ƙarfi ki tashi ki sake zama sau biyar zuwa goma, ki ɗaga gorar ruwa ta rabin lita a kowane hannu kina fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Shara ma motsi ce in an yayyafa ruwa, amma tsayuwa kan murhu cikin rufaffen madafa a bar ma wasu ko a fito da girkin sarari.

Wanda likita ya rubuta ma Ventoline, maganin shaƙa mai buɗe hanyar numfashi, ya riƙa yawo da ita a aljihu, ya kuma tambaya ko zai shaƙa minti 10 zuwa 15 kafin fita. Ciwon ƙirji, jiri, leɓe ya yi duhu, ko haki ya ƙi lafawa bayan hutu, a tsaya a nufi asibiti. In majina ta canza launi ko ciwon ya tashi aka kwanta kwana biyu, bayan an samu sauƙi a koma daga rabin inda aka tsaya, kar a jira sai wata ya zagayo.