Yadda Ake Tantance Gida a Japan Ta La'akari da Layukan Tsagewar Ƙasa

Duk wanda zai kama haya ko ya sayi gida a Japan ya kamata ya fara da sanin cewa girgizar ƙasa a can tana da tushe iri biyu. Akwai wadda ke tasowa daga ƙarƙashin teku, inda wani ɓangaren ɓawon duniya ke nutsewa ƙarƙashin wani, kamar wadda ta afka wa yankin Tohoku ranar 11 ga Maris 2011 da ƙarfin maki 9, da kuma wadda ake fargabar tasowarta daga kwazazzabon Nankai da ke kudu da gaɓar ƙasar. Akwai kuma wadda ke fitowa daga tsagogin da ke kan tudu, waɗanda aka gano kusan 2,000 daga cikinsu. Mafi tsawo shi ne layin tsakiya da ya ratsa tsibirin Shikoku, akwai kuma layin Itoigawa zuwa Shizuoka da ya yanke Honshu, babban tsibirin ƙasar, a tsakiya, da tsagar Uemachi da ke kwance ƙarƙashin birnin Osaka.

Da farko a nemi taswirar haɗari ta ƙaramar hukumar da gidan yake, wadda ake bayarwa kyauta a ofishinta da shafinta na intanet, a duba inda tsaga mafi kusa ta bi da kuma iyakar da ake hasashen ruwan tsunami zai kai. Sai dai kada a ɗauki tazarar da ke kan taswira a matsayin hukuncin ƙarshe, domin a nan ne mutane da dama ke ruɗin kansu. A tsibirin Awaji da ke kusa da birnin Kobe an adana wani gida da tsagar Nojima ta bi ta harabarsa a girgizar Kobe ta 17 ga Janairu 1995: katangar gidan ta goce, ɓangare ɗaya ya bar ɗan'uwansa, amma ginin bai faɗi ba. A cikin birnin Kobe kuwa tsofaffin gidajen katako masu nauyin rufi sun durƙushe a kan masu barci, kuma yawancin mutum fiye da 6,400 da suka rasu gini ko kayan ɗaki ne suka danne su.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce shekarar ginin. A tambayi dillali ranar da hukuma ta amince da tsarin ginin, ba ranar da aka kammala shi ba, domin sabuwar doka mai tsauri ta fara aiki ne a ranar 1 ga Yuni 1981, kuma gidan da aka gama a 1982 yana iya kasancewa an gina shi bisa tsohuwar ƙa'ida. Idan na katako ne, gara wanda ya biyo bayan gyaran dokar na shekarar 2000, wanda ya tsaurara batun tushe da ƙarafunan da ke riƙe ginshiƙai. Garin Mashiki na lardin Kumamoto, wanda ya sha girgiza mafi tsanani har sau biyu a Afrilun 2016, ya nuna wannan bambanci ƙarara.

Bayan gini sai ƙasar da yake kai. Wurin da aka cike a bakin teku ko tsohuwar fadama yana iya narkewa ya zama taɓo idan ya jijjiga, kamar yadda aka gani a Urayasu kusa da Tokyo a 2011, inda gidaje suka karkata duk da nisansu daga tushen girgizar.

Idan an tare, a ɗaure kabad da firji a jikin bango, kada a ajiye wani abu mai nauyi kusa da wurin kwanciya, a tanadi ruwan sha lita uku ga kowane mutum a kullum na aƙalla kwana uku, sannan a taka da ƙafa zuwa wurin fakewa na unguwa domin a san hanyar tun kafin buƙatarta ta taso.